Yadda ake shirya wa yara bikin Ranar Giwa a gidan zoo

Tun da na sa hotunan bikin giwa da muka yi wa yara bara, saƙonni ba su yanke ba. Malaman makaranta ne suka fi yawa, sai shugabannin ƙungiyoyin matasa, har da wata uwa da ta ce 'ya'yanta ba su taɓa ganin giwa ba sai a jikin littafi. Tambayar kusan iri ɗaya ce: ta ina ake farawa, wa ake gani, me ake saya? Ga amsar a jere, yadda na koye ta bayan na shirya bikin sau uku. Inda muka yi tuntuɓe zan nuna muku a daidai wurin, don kada ku taka inda muka taka.

1. Ku fara zuwa ku ga wurin

Wata biyu kafin ranar, mutum biyu daga cikinku su sayi tikiti kamar kowa, su zagaya gidan daga ƙofa zuwa ƙarshe. Ko na Audu Bako ne a Kano, ko Sanda Kyarimi a Maiduguri, ko gandun namun daji na Jos, kada ku dogara da abin da kuka gani kuna yara. Dabbobi suna tsufa, suna mutuwa, wasu a kawo sababbi. Ku rubuta abin da ke nan yau: akwai giwa ko babu, ina inuwa take, ina famfo, ina bayi, ina za a yi sallah, wace hanya ce ke cika da ruwa idan an yi sama.

Gargaɗi: kada ku yi wa yara alkawarin giwa kafin ku gan ta da idonku. Idan gidan ba shi da ita, bikin bai rushe ba, domin mafi yawan abin da ke ƙasa ba ya buƙatar giwa a tsaye. Amma ku faɗa wa yaran gaskiya tun daga gida. Yaron da aka ce masa zai ga giwa ya tarar da kunkuru, ba zai saurari komai ba har a tashi.

2. Tsayar da rana

Ranar 12 ga Agusta ce Ranar Giwa ta Duniya, tun 2012 ake yin ta. A wurinmu tana zuwa da matsala biyu: tsakiyar damina ce, kuma makarantun boko suna dogon hutu. Saboda haka yaran da za ku samu cikin sauƙi su ne na Islamiyya da na darasin hutu. Mafi yawan Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a, don haka Alhamis ɗin da ta fi kusa da 12 ga wata ita ce zaɓina. Idan kun fi son lokacin da makaranta ke buɗe kuma babu fargabar ruwa, akwai 3 ga Maris, Ranar Namun Daji ta Duniya.

Gargaɗi: ku guji kwanakin Sallah da ranakun hutun gwamnati. A irin ranakun nan gidan zoo yana cika ya batse, ma'aikata ba su da lokacinku, dabbobin ma a gajiye suke da hayaniya.

3. Takarda, sannan zama da masu ba dabbobi abinci

Ku rubuta wa shugaban gidan takarda a kan takardar makaranta ko ta ƙungiya, da hatimi. Ta ƙunshi rana, lokacin shiga da na fita, yawan yara da shekarunsu, da jerin duk abin da za ku shigo da shi. A ciki ku nemi abu uku: rangwamen tikiti na rukuni, fili ɗaya da za a keɓe muku, da ma'aikaci ɗaya ko biyu da za su yi wa yara bayani. Ku kai da hannu, ku karɓi kwafi mai sa hannu, ku koma bayan mako guda ku bi sawu.

Da an amince, ku nemi ganin mutumin da ke share wa giwa ɗaki yana kai mata ciyawa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su tsaya a ofis, alhali shi ne ya san komai. A wani gida da muka je, na tarar da dattijon da ke kula da ita yana yayyanka rake da adda. Na gaishe shi, na ce, "Baba, mun zo neman shawara ne, yara za mu kawo." Ya ajiye addar ya ce, "To malam, kada ku zo mata da rana tsaka. Da safe take da sakin jiki." Ya nuna mini inda take tsayawa idan ranta ya ɓaci, ta juya wa mutane baya tana lilo da kai. Maganarsa ce ta sa muka juya jadawalinmu gaba ɗaya. Ku tambaye shi lokacin cin abincinta, abin da ke firgita ta, da yawan mutanen da za su iya tsayawa gabanta a lokaci guda. Ku kuma ware masa ɗan abin goro a kasafinku, aikinsa zai ƙaru ranar.

4. Yara nawa, manya nawa

Karon farko kada ku wuce yara 100. Kowane yara 10 su sami babba ɗaya, idan 'yan ƙasa da shekara bakwai ne, babba ɗaya ga yara 5. 'Yan mata su sami malamai mata. Kowane yaro ya kawo takardar amincewar iyaye, a kuma rataya masa kati mai sunansa da lambar wayar malaminsa. Ku raba su rukuni-rukuni da sunan dabbobi, rukunin ɓauna, rukunin jimina, rukunin gwanki, sun fi riƙe wannan a kan lamba.

5. Kasafi

Farashi ba ya kwana wuri ɗaya yanzu, shi ya sa zan ba ku adadin kaya, ku ku tambayo kuɗinsu a kasuwarku. Lissafin na yara 100 da manya 15 ne.

Mota ce ke cinye kaso mafi girma, sai abinci, sai tikiti. Bas mai cin mutum 18 za ku buƙaci bakwai. Ku yi ciniki zuwa da dawowa, ku biya rabi, sauran sai an dawo da yara gida. Rumfa uku ta wadatar, da tabarmi maimakon kujeru, sun fi arha kuma yara sun fi sakewa a kai. Kujera 20 ta isa manya da baƙi. Ruwa ku lissafa leda uku ga kowane mutum, wato 345, kuma tunda jaka ɗaya 20 take ɗauka, jaka 18 ke nan. Idan da hali, ku cika manyan kuloli biyu kowa ya zo da kofinsa, ya fi mini ledar nesa ba kusa ba, dalilin yana zuwa. Sai ƙaramar lasifikar hannu mai batir, kwali da fensir mai launi, yumɓu bokiti biyu, igiya, buhunan shara 10, butoci, sabulu, da akwatin taimakon gaggawa. Ku gayyaci 'yan agaji biyu, su ma a sa su a lissafin abinci.

A kan jimillar ku ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Za ku taɓa shi.

Inda ake zubar da kuɗi a banza: riguna masu tambari, katon allon sanarwa mai hotunan manyan baƙi, da lemon kwalba na babban teburi. Kuɗin waɗannan zai iya ƙara bas guda na yaran da iyayensu ba su da halin biya.

6. Shimfiɗa fili

A nan muka fi yin kuskure a shekarar farko, kuma har yau yana damuna. Mun ɗauko manyan lasifikoki da janareta, muka kafa rumfa kusa da giwar don hoto ya yi kyau. Da aka kunna, sai ta koma can ƙuryar ɗakinta, ta ƙi fitowa har muka tashi. Yara sun zo ganinta, mu kuma muka kore ta da hannunmu. Giwa tana jin ƙaramin sauti mai zurfi wanda kunnen mutum ba ya kamawa, tana kuma jin girgizar ƙasa ta tafin ƙafarta. Rurin janareta da dukan ganga a wurinta ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka rumfunanku su yi nesa da kowace dabba, nisan da idan mutum ya tsaya a bakin kejin ba zai ji abin da ake faɗa a lasifika ba. Ku gwada wannan da kanku kafin yara su iso. Janareta kada ya shigo. Kiɗa, idan dole ne, a yi shi a bakin ƙofar shiga.

Gargaɗi: balan-balan da leda haramun ne a wannan biki. Iska tana kwasarsu ta jefa cikin keji, jimina da barewa da birai su haɗiye, hanji ya toshe. Idan da ruwan leda kuka zo, a sha shi a ƙarƙashin rumfa kawai, ledar ta shiga buhu nan take, ba a yawo da ita.

7. Wa zai yi magana, me zai ce

Masu magana uku sun isa, kowanne minti 10. Jawabin manyan baƙi ku taƙaita shi zuwa gaisuwa.

Na farko malamin addini. Yaranmu duk sun haddace Suratul Fil, to ga ƙofar shiga a buɗe: dabbar da suke karanta sunanta a sallah ita ce yau za su gani. Daga nan ya kawo ayar Suratul An'am da ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Inda yaran suka haɗa Musulmi da Kirista, a ba fasto nasa lokacin daidai da na malam.

Na biyu ma'aikacin gidan ko malamin kimiyya. Ku ba shi abubuwa kaɗan masu kama zuciya, kada ya karanto littafi. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi shekaru kafin ta sake. Wannan kaɗai ya isa yaro ya gane dalilin da ya sa garke ba ya farfaɗowa da wuri idan aka kashe manyansa. Tsohuwar mace ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari. Haure haƙori ne, saiwarsa a cikin ƙashin kai take, shi ya sa masu nemansa suke kashe ta. Sai ya kawo maganar gida: giwayen da suka rage a Najeriya duka an ƙiyasta su tsakanin 300 zuwa 400, kuma ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka saura yana Yankari a jihar Bauchi, wajen guda 100. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kusan tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja, a bainar jama'a.

Kada a bar yara cikin baƙin ciki kawai. A ba su labarin gandun dajin Zakouma a Chadi. A 2002 giwayen gandun sun haura 4,000. Mahara a kan dawakai suka yi ta karkashe su har zuwa 2010 suka koma wajen 450, suka ma daina haihuwa saboda firgici. Da aka gyara tsaro aka jawo mutanen ƙauyukan kewaye cikin aikin, sai 'ya'ya suka fara bayyana, garken ya sake haura 500. Na ga yadda fuskokin yara ke washewa a daidai wannan gaɓa.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a ganina ya fi kowa muhimmanci: manomi ko maharbi daga yankin da giwa ke ratsawa. Mu 'yan birni muna ganin giwa abin sha'awa. Mutumin da ke noma a gefen Yankari, a ƙasar Alkaleri, yana iya kwanciya da gonar masara ya wayi gari babu ko zangarniya, abincin shekara ya tafi a dare ɗaya. Bikin da ya ɓoye wannan bai faɗa wa yara gaskiya ba, kuma duk kiran a kare giwa da bai san zafin manomi ba a birni zai tsaya. Idan ba ku da hanyar samun manomi, ku nemi Sarkin Baka na yankinku, ku je masa da girmamawa, "Ranka ya daɗe, so muke yara su ji daga bakinka abin da daji yake da shi da, da abin da ya rage." Tsofaffin maharba sun fi kowa sanin abin da aka rasa.

Gargaɗi: ku gaya wa maharba tun a gida cewa ba a shigowa da bindiga, ba a buga ta ko ta murna, ba a kawo karnuka. Haka kuma kada ku gayyaci masu wasa da kura ko biri ko maciji don jan jama'a. Dabbar da aka ɗauko daga daji aka sa mata takunkumi tana rushe duk abin da masu magana uku suka gina.

8. Rumfunan wasa

Yaro yana manta jawabi, amma abin da ya taɓa da hannunsa yana binsa gida. Ku kafa tasha huɗu, kowane rukuni ya yi minti 15 ya matsa.

Tashar ciki. Babban toron giwa yana iya cin kilo 150 a yini, ya sha lita 150 ko fiye. Ku jera buhu uku masu cin kilo 50, da jarkoki shida masu lita 25. Ku cika jarka ɗaya da ruwa ku ce yara biyu su gwada ɗagawa. Ba sai kun ƙara bayani ba.

Tashar sawu. Hausawa sun ce sawun giwa ya take na raƙumi, to a nuna musu. Ku zana da'ira a ƙasa mai faɗin santimita 45 ku ga yara nawa za su sa ƙafa a ciki. Sannan ku koya musu dabarar masu bin sawu: a zagaya sawun ƙafar gaba da igiya, a ninka tsawon igiyar sau biyu, abin da ya fito shi ne kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ku miƙe igiyar a jikin gora ku tsayar, za ta kusa mita uku. Manya ma sukan taru a wannan tashar.

Tashar yumɓu. Yaran ƙauye sun saba gina shanu da laka, na birni da yawa ba su taɓa ba. Kowa ya gina giwarsa ya tafi da ita. Ruwan wanke hannu ya kasance a gefe.

Tashar gona. A nan ake nuna yadda manomi zai kare amfaninsa ba tare da an zubar da jini ba. Giwa tana tsoron zuma, domin zumar tana harbinta a cikin hanci da gefen ido. A Kenya, Dakta Lucy King ta gwada shingen amya: ana rataye amya a jikin turaku, tsakaninsu wajen mita 10, a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar amyoyin su girgiza, zuma ta fito, giwar ta juya. Manomin kuma ya sami zumar sayarwa. Ku kafa turaku uku da igiya da amya biyu, yaro ɗaya ya zama giwa ya zo ya taɓa. Sai ku nuna curin barkono: kashin shanu ko na giwa a kwaɓa da dakakken barkono, a shanya, a kunna a bakin gona da dare, hayaƙin ya kore ta.

Gargaɗi: amyar ta zama fanko, wadda zuma ba ta taɓa zama a ciki ba. Curin barkono kuwa a nuna shi a cikin kwano kawai, kada a kunna. Hayaƙinsa zai shaƙe yara da dabbobin gidan baki ɗaya.

9. Ranar biki

Masu shiri su isa ƙarfe 7 su kafa komai. Yara su iso 8:30, a ƙirga su a bakin ƙofa. Kafin kowa ya motsa a karanta musu doka huɗu su maimaita da baki: ba jifa, ba ihu, ba miƙa hannu ta cikin waya, ba ba dabba abinci.

Ziyarar giwa ita ce farko, tun da sanyin safiya, rukuni ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tashoshin wasa. Ku roƙi kowane rukuni su yi shiru na minti biyu cur a gabanta. Abin da ke faruwa a cikin shirun nan shi ne bikin. Za su ji hucin numfashinta, su ga yadda take kaɗa kunnuwa tana fifita jikinta, yadda take ɗaukar ƙaramin yankin rake da bakin hancinta kamar mai ɗauka da yatsu. Bara wata yarinya da ba ta fi shekara takwas ba ta jawo hijabin malamarta ta raɗa mata, "Malama, tana da gashin ido."

Idan kuna son yara su ga tana cin abin da suka kawo, ku tambayi mai kula da ita tun farko me ya dace, ku damƙa masa, shi ya ba ta. Biskit, alewa da burodi ba abincinta ba ne. Hoto kuma daga bayan shinge, ko babban baƙo ne. Nisan da hancinta ke kaiwa ya fi yadda ido ke zato.

Jawabai su zo ƙarfe 11 a inuwa, abinci 12, a wanke hannu da sabulu kafin a ci. Ku ci a nesa da birai. Idan hadari ya haɗo, kada ku jira ya zubo, ku tattara yara a rumfar gini, ba ƙarƙashin bishiya ba. A yi Azahar, a sake ƙirga, a hau mota. Ƙirga uku ne ba fashi: shiga, bayan abinci, da cikin mota kafin direba ya tayar.

10. Gudummawa, shara da bin sawu

Idan za ku tara kuɗi, ku faɗi inda za su tafi kafin kowa ya sa hannu a aljihu, a ƙirga a gaban mutum uku, a sanar da jimilla a wurin. Na fi son a sayi kaya a kan a miƙa tsaba: ciyawa da rake ga giwar gidan, ko takalman ruwa da rigunan ruwa ga masu gadin daji, a miƙa ta hannun hukumarsu a karɓi rasit. Hoton rasit ɗin ya shiga zauren WhatsApp na iyaye a daren.

Minti 15 na ƙarshe na shara ne, kuma yaran ne za su yi, kowane rukuni da buhunsa. Manya biyu su bi gefen kejin da kuka tsaya su duba ko iska ta kai wani abu ciki, idan akwai a kira ma'aikaci ya ciro, kada ku shiga da kanku.

Cikin mako guda ku kai wa shugaban gidan takardar godiya, ku ambaci ma'aikatan da suka taimaka da sunayensu, ku haɗa da zane biyu ko uku na yara. Idan kuma yaran suka fara tambayar yaushe za su ga giwa a dajinta, ku fara tara kuɗin Yankari tun yanzu, amma ku sa tafiyar a rani, tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma dabbobi ke gangarowa kogin Gaji shan ruwa.